Ƙofar Ɗakin Tukwane

Tun ranar da Hajiya Rakiya ta ji sunan mahaifiyar Lukmanu, maganar aurensa da 'yarta Nazeefa ta tsaya cak a gidan.

"Magdalene?" ta maimaita a ranar, tana dire kofin shayin da ke hannunta. "Magdalene fa kika ce? Mai ginin tukwane a Ushafa? Ita ce za ta zama kakar jikokina?"

Nazeefa ta yi bayani har muryarta ta dishe. Mahaifin Lukmanu Bazazzagi ne, malamin makaranta da aka turo Bwari, a nan ya auri 'yar Gbagyi, ya rasu yaron yana ƙarami. Lukmanu da sallarsa ya tashi, uwar ce ma take tashinsa sahur duk da ita coci take zuwa. Yanzu shi ma koyarwa yake yi a wata sakandare. Duk wannan bai shiga kunnen Hajiya ba.

Abba kuwa, Alhaji Ilyasu mahaifin Nazeefa, tsohon darakta ne da ya yi ritaya, mutum mara yawan magana. Cewa ya yi a ba shi lokaci zai bincika. Lokacin ya yi ta ja, damina ta wuce, wata ta shigo, ba a ce wa Nazeefa eh ba, ba a ce a'a ba.

Aiki ne kaɗai yake ɗauke mata hankali. Zanen gine-gine ta karanta, tana aiki a wani ƙaramin kamfani a Wuse, kuma an san ta da abu ɗaya: ba ta jan layi sai ta san yadda masu gidan suke wuni. A ƙasa suke cin abinci ko a tebur? Baƙi suna kwana? Me matar gidan take yi idan ta gama komai ta sami kanta?

Don haka da wata Hajiya Maiturare ta kawo aikin wani gida a Lugbe, ta ce na ɗan 'yar'uwarta ne da ke ƙasar waje, zai dawo ya yi aure, sai Nazeefa ta zaunar da ita ta jero mata tambayoyin nan.

Na angon bai yi wuya ba. Mayen ƙwallo ne, abokai suna cika masa falo, sai ta ware masa falo mai ƙofarsa daban, yadda ihunsu ba zai kai ciki ba. Yana kiwon tantabaru, ta ba su saman bene, ta ɓangaren da iska ba za ta kwaso gashinsu zuwa kicin ba.

Na amaryar ne ya sa ta ajiye fensir.

"Bahaguwa ce," in ji Hajiya Maiturare, tana gyara mayafi. "Ba ta son ɗaki mai duhu. Bayan asuba ba ta komawa barci, zama take yi bakin taga tana karatu. Tana son shuka, su na'a-na'a da lemon tsami. Sai kuma wani abu da ni ban gane masa ba, wai ginin tukwane."

Nazeefa ta yi dariya har da tafa hannu. "Hajiya, wannan ai ni kike siffantawa!"

"To, ai kin ga aikin zai zo miki da sauƙi," matar ta ce, ba ta ɗago ba.

Ba ta kawo komai a ranta ba. Matan Abuja nawa ne suke zuwa Ushafa ranar Asabar koyon taɓa yumɓu? A can ita ma ta koya, a tsakar gidan Mama Magdalene, a can kuma ta fara ganin Lukmanu yana sauke wa uwarsa itace.

Sai ta zage ta zana wa baƙuwar amaryar nan duk abin da ta daɗe tana yi wa kanta buri. Ta juya wurin wanke-wanke da wurin yanka yadda hannun hagu zai ji daɗi. Ta buɗe wa ɗakin barci taga ta gabas mai dakali, wanda mutum zai naɗe ƙafa a kai da littafi. Ɗakin tukwane kuwa a kansa ta ƙarar da basirarta. Babbar taga ta arewa, don kada rana ta doki ɗanyar tukunya ta tsage. Daɓe mai ɗan gangara zuwa magudana, a watsa ruwa laka ta tafi. Matoya a waje, inda za a gasa tukwanen hayaƙi bai shiga gida ba.

Sannan ta yi masa ƙofa. Faffaɗar ƙofa mai fita lambu, daga lambu zuwa wani ƙaramin get da ke buɗewa layin baya. Ta nan za a shigo da yumɓu da itace, ta nan ƙawayen sana'a za su shigo da lakarsu ba su ratsa falo ba, ta nan matar gida za ta fita idan ta ga dama.

Har kishin matar ta ji, matar da ba ta taɓa gani ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi tana ofis wayarta ta yi ƙara. Silas ne, mai kula da leburorin ginin.

"Madam, ka zo. Oga mai gida ya zo da kansa. Ya ce mu toshe kofan dakin tukunya, mun toshe. Na ce a kira Madam tukuna, ya ce ba komai."

"Toshewa? Wace ƙofar?"

"Na baya, Madam. Da karamin get duka."

Ta figi jakarta. Duk tsawon titin filin jirgi tana tuƙi tana tsara maganar da za ta faɗa wa wannan mutumin da ya sauka daga jirgi jiya ya fara ɓata mata aiki. Haushi take ji kawai. Tsoro bai zo ba tukuna.

Gidan ya tashi, an zuba dekin, ana filasta. Amma yau shiru wurin yake, ba ƙarar shebur, ba waƙar leburori. Wata baƙar mota ce kawai a inuwar katanga. Ta ratsa falo ta bi dogon lungun da ke kai wa ɗakin tukwane, ta tsaya.

Inda ƙofar take, bulo ne a jere har sama. Simintin bai ko bushe ba. Ta leƙa ta taga. An cike gurbin ƙaramin get ɗin, an kuma ƙara wa katangar baya tsawo har ta shanye ganin bishiyoyin layin.

"Ya yi miki?"

Ta juyo a firgice. A bakin ƙofar da ta shigo, ƙofa ɗaya tilo da ta rage wa ɗakin, wani dogon mutum ne tsaye cikin farar shadda, hannayensa a baya.

"Yaya Abdul?"

Abdulmajeed ɗan aminin Abba ne, tare suka tashi, gidansu kamar nasu ne. Babban ma'aikaci ne a wata hukuma, kowa yana yabon natsuwarsa. Bara waccan ya taɓa furta mata yana son ta, ta ba shi haƙuri cikin ladabi, ya yi murmushi ya ce ba komai. Bai sake tayar da maganar ba.

"Me kake yi a nan?" ta tambaya.

"A gidana?"

Sai da ta dafa bango. Bahaguwa. Tagar gabas. Na'a-na'a. Abubuwan suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana sauka a ƙirjinta da nauyi.

"Hajiya Maiturare ta ce mai gidan yana ƙasar waje."

"Da ta ce nawa ne za ki zana?" Muryarsa a sanyaye, kamar mai lallashin yaro. "Na so ne ki yi wa kanki yadda ranki yake so, ba kunya, ba kara. Kuma kin yi. Dubi hasken nan, Nazeefa. Ni kaina da na shigo sai da na yi shiru."

"Ina leburori?"

"Na sallame su su ci abinci."

Ta kalli taga. An riga an saka mata ƙarafa. Ita da kanta ta zaɓi ƙarafan, masu zanen ganye.

"Yaya Abdul, me ya sa ka toshe ƙofar?"

"Ba ta da amfani. Yumɓu direba zai kawo ta gaba. Itace ma haka. Duk abin da yake kai ki Ushafa na kawo miki shi cikin gida, to fitar ta mece ce kuma?"

"Ni ban ce zan aure ka ba."

"Ba ki ce ba tukuna." Ya tako ciki taku ɗaya, ta ja baya har bayanta ya taɓa ɗanyen bulon. Sanyinsa ya ratsa mayafinta. "Ba ki san yadda nake ji ba duk Asabar. Wannan da ta wuce ma, kina zaune a kan turmi, da ruwan tokan mayafi, hannunki duk laka har gwiwa. Kuka ci dambu a kwano ɗaya da tsohuwar. Shi kuma yana zuba miki ruwa kina wanke hannu kuna dariya. 'Yar Alhaji Ilyasu guda."

Ba wanda ya san wannan. A cikin gida aka yi, bayan katanga.

"Wa ya faɗa maka?"

"Wanda yake son mutum yana sanin inda yake."

"Bi na kake sawa a yi?"

"Kula da ke nake sawa a yi."

Hawaye suka zubo mata, ba ta ma san sun taho ba. Bai ɗaga murya ba, bai miƙo hannu ba, amma ba ta taɓa jin tsoron wani ɗan Adam kamar yadda ta ji nasa a wannan lokacin ba.

"Don girman Allah ka matsa in wuce."

"Za ki wuce. Abu ɗaya zan faɗa miki don kada ki ce ban faɗa ba. Kin san garin nan. Gidaje da yawa a ƙauyukan can ba su da takarda. Yau mutum yana zaune, gobe a zo da fentin rusau. Ina tausayin tsofaffi, wallahi."

Ƙarar bokiti ta tashi a lungu. Silas ne ya shigo yana jan ƙafa da gangan, idonsa a kan fuskarta.

"Madam, sori. Mai tayil yana waje, ya ce sai ka zo ka duba kala."

Abdulmajeed ya ɗan karkace. Ta bi ta gefensa ta wuce, ƙamshin turarensa ya bi ta har waje. Babu wani mai tayil. Silas ya raka ta har mota, ya rufe mata ƙofa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka tafi, Madam. Kar ka tsaya."

Ba ta yi nisa ba ta gangara gefen titi ta tsaya. Ta kira mahaifiyarta.

"Mami, kin sani?"

"Na san me?"

"Gidan Lugbe."

"To, ya nuna miki kenan. Ai na ce masa ya bari a gama fenti."

Nazeefa ta kifa kai a sitiyari. "Ke kika faɗa masa komai? Tagar, da shukar, da duk abin da nake faɗa miki muna hira?"

"Ni na haife ki, wa ya fi ni sanin abin da kike so? Ke ko godiya ba za ki yi wa Allah ba? Wace mace ce a garin nan aka gina wa gida a kan son ranta tun daga tushe? Ni da ubanki ciki da falo muka fara a Nyanya, a tsakar gida nake girki ruwa yana dukana."

"Mami, ya toshe ƙofar."

"Ƙofa kuma? A kan ƙofa kike wannan kukan?"

"Ya sa ana bi na! Ya san kalar mayafin da na saka ranar Asabar, ya san abin da na ci. Ya tsare ni a ɗaki ba kowa a gidan. Mami, wallahi tsoronsa nake ji. Ki dube ni, ni ce fa, Nazeefarki. Na taɓa ce miki ina tsoron wani?"

Muryar Hajiya Rakiya ta ɗan sauka.

"Kishi ne. Namiji idan yana so haka yake. Da kin shiga zai daina."

"In bai daina ba fa? Ta wace ƙofar zan fito in zo in faɗa miki?"

"Kar ki yi mini fatan tsiya! So kike in zuba ido ki kai kanki inda za a riƙa nuna ni da baki a gidan biki? Ranar suna a ce ga kakar yaro can ta taho daga coci?" Ita ma kukan ya ƙwace mata. "Ke kaɗai gare ni mace, Nazeefa. Ba ƙin ki nake yi ba. Ki taho gida yanzu, kar ki biya ko'ina. Na ajiye miki kaya a kan gado."

"Kayan me?"

Amma ta riga ta kashe.

Wayar ba ta bar hannunta ba ta sake ƙara. Lukmanu. Tun kafin ya gama sallama ta gane akwai abin da ya faru, don bai tsokane ta da sunan da ya saba ba.

"Kina ina? In za ki iya, ki zo gidan Mama. Daga aji aka kira ni."

Hanyar da nisa, ta Kubwa har ta ɗauki titin Bwari, amma ba ta tuna yadda ta yi ta ba. Duk baƙar motar da ta gani a madubi sai ta ƙara wuta.

Tun daga bakin layi ta hango mutane. A jikin katangar gidan Mama Magdalene an zana ƙaton gicciye da jan fenti, alamar rusau, fentin ya zuzzubo har ƙasa. A ƙarƙashinsa an rubuta a tashi.

Lukmanu yana tsaye, alli bai gama fita daga yatsunsa ba. Idanunsa sun kaɗa.

"Gidanmu kaɗai a duk layin," ya ce. "Motar ba lamba. Ba su ba da takarda ba, ba su faɗi daga inda suke ba. Mama tana cikin gasa tukwane suka zo."

Ta ja shi cikin zaure ta faɗa masa komai, tana yi tana shessheƙa. Gidan, da Hajiya Maiturare, da ƙofar, da maganar fenti. Tana faɗa tana kallon jijiyar wuyansa tana tashi.

"Ina ofishinsa?"

"Lukmanu, a'a."

"Ya tsare ki a ɗaki, Nazeefa! Ya zo ya shafa wa uwata fenti a bango! In zauna in yi me?"

"Abin da yake jira kenan! Ka je ka taɓa rigarsa kawai, a kulle ka, ba mai sake jin labarinka. Ka rufa mini asiri." Ta durƙushe a wurin, ta rufe fuska da mayafi. "Ni na jawo muku. Da ban taɓa shigowa gidan nan ba da Mama tana zaune lafiya. Wataƙila in na ce na amince su zo su goge."

Ya tsuguna a gabanta, ya bar ɗan tazara kamar yadda ya saba.

"Dube ni. Ki sake faɗa kina kallona."

Ta ƙara cusa fuska a mayafi.

"In kin daina so na ne, ki faɗa, wallahi zan haƙura ko zai kashe ni. Amma ki shiga gidan can don katangarmu? Kullum in kwana a ɗakin nan na san da me aka biya shi? Gara su rushe. Sai in kama wa Mama haya."

"Wa zai kama wa wa haya?"

Mama Magdalene ce a bakin zaure, gajeriyar tsohuwa mai faɗin kafaɗa, toka har a gashin girarta. Ta kamo Nazeefa ta tayar da ita tsaye.

"Yarinya na, kar ka yi kuka. Wannan gida baba na ya gina. A nan na haifi wannan. Ba ka ne ya kawo fenti ba, mai fenti ya kawo fenti."

Wayar Nazeefa ta sake ruri. Da ta ga sunan sai da ta goge fuska, kamar yana ganin ta.

"Abba, ina wuni."

"Kina ina, Nazeefa? Ga iyayen Abdulmajeed a falona da goro. Mahaifiyarki ta ce kun gama magana, kin amince, har gida kin zana muku. Haka ne?"

Tunda take ba ta taɓa ƙaryata Mami a gaban Abba ba.

"Abba... ga ni nan zuwa."

"Ina jira."

Ta sauke wayar tana kallon su. Mama Magdalene ta ji komai. Ta je bakin randa ta wanke hannu da fuska, ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ɗaura zanenta na zuwa coci da ɗankwalinsa.

"Mu tafi."

"Mama, ba a haka," in ji Lukmanu. "Mace ba ta zuwa neman aure, kuma da baƙi a gidan."

"Ni ba aure na je nema ba. Zan je in tambayi baban yarinya ko ya san abin da an yi wa bango na da sunan yarinyan shi."

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka iso Gwarimpa. Motoci sun cika ƙofar gidan. Lukmanu ya tsaya a waje jikin motar Nazeefa, ya ce ba zai shiga wa manya ba sai an kira shi. Ta so ta ce ya shigo ko harabar gida ce, amma Mama ta riga ta yi gaba.

Falon ya cika da manyan riguna da ƙamshi. Ga huhun goro da katan ɗin alawa a tsakiya, ba a buɗe ba. Sallamar Nazeefa da ƙyar ta fito. Ta zube a bakin ƙofa, tsohuwar kuma ta tsaya a bayanta. Ta labulen ciki ta hango fuskar Mami, ta ga yadda ta dafe ƙirji.

Abba ya cire tabarau. "Wace ce wannan?"

Ga mahaifin Abdulmajeed, wanda ya sha ɗaukar ta a kafaɗa tana yarinya, yana kallon ta.

"Abba, mahaifiyar Lukmanu ce." Ta ɗago kai. "Ban amince ba, Abba. Ba a tambaye ni ba. Gidan ban san nasa ba ne. Yau ya tsare ni a ciki, kuma yau aka je aka shafa wa gidan Mama jan fenti, bayan ya faɗa mini da bakinsa za a yi."

"Ƙarya ne!" wani daga cikin baƙin ya ce. "Alhaji, wannan wane irin cin fuska ne?"

Abba bai kalle shi ba. Tsohuwar yake kallo, ita ma shi take kallo, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Rakiya," ya ce, ba tare da ya juya ba. "Kawo wa baƙuwa kujera da ruwa." Sannan ya dubi amininsa. "Alhaji, a dakata da buɗe goron nan. Akwai maganar da zan ji tukuna."

Nazeefa ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ga maigadi ya faɗo falon ko sallama babu.

"Alhaji! Alhaji, a fito! Za su tafi da yaron!"

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ba takalmi ta ratsa harabar gidan, tsakuwa tana sukar ƙafarta.

A waje wasu ƙarti biyu cikin kayan gida sun murɗe hannun Lukmanu ta baya, suna tura shi cikin wata mota mara lamba. Leɓensa ya fashe. Bai yi kokawa ba, ita yake nema da ido. Can gefe, jikin baƙar motarsa, Abdulmajeed ne tsaye da waya a hannu.

"Yaya Abdul, don Allah!" ta ƙwalla. "Me ya yi maka? Ka ce su sake shi!"

"Tambayoyi kawai za su yi masa," ya ce a hankali. "Ki koma ciki, mutane suna kallon ki."

Suka danna Lukmanu a kujerar baya. Direba ya tayar da mota. Mama Magdalene ta iso tana haki, tana kiran sunan ɗanta da yarensu, Nazeefa ta riƙe ta don kada ta faɗi.

Sai ta ji an wuce ta gefenta.

Abba ne, da ƙafa ba takalmi shi ma, babbar rigarsa tana jan ƙasa. Mutumin da likita ya hana ko saurin tafiya. Ya isa motar kafin a rufe ƙofa, ya sa hannu ya riƙe ta. Baƙin duk sun fito sun yi cirko-cirko a bakin get, mahaifin Abdulmajeed a gabansu.

"Daga ina kuke?" Abba ya tambayi ƙartin. "Ina takardarku?"

Ƙartin suka kalli juna.

"To, yaron nan a ƙofar gidana kuka same shi, baƙona ne." Ya tattare rigarsa, ya sa ƙafa ɗaya cikin motar. "Matsa, Lukmanu. Duk inda za a kai ka, sai dai a kai mu tare."

Injin yana ta ruri. Direban ya leƙo ta taga, ya kalli Abdulmajeed yana jiran abin da zai ce. Nazeefa ta ƙanƙame hannun tsohuwar.